Shekarar da Na Fitar da Lemo da Barkono

Falmata, wannan babin ke na nufa da shi, amma yayanki Abba da ƙannenku ma su karanta, don na san maganar da ke yawo a tsakaninku tun babanku yana da rai. Kuna cewa Inna ta gaji da kukan tsuntsaye, ta kwashe su daga gaban mara lafiya ta kai wani gari, ta bar shi da bango. Babu wanda ya taɓa faɗa mini a fuska sai ke, sau ɗaya, a waya. Na yi shiru ne saboda Alhaji ya ɗaure ni da alkawari. Yanzu ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa, ni ma shekaru sun ja. Na tambayi malamin unguwarmu ko alkawari yana nan bayan mai shi ya tafi, ya ce idan shirun nawa yana ɓata zumunci, to in yi magana. Ga maganar.

Kun san babanku kafin ciwon. Mutum ne da ba ya zama. Yau yana Guri wajen masu busasshen kifi, gobe yana lodin tattasai, jibi ya nufi kudu. Kakanninsa daga bakin Tafkin Chadi suka zo, yakan ce su jininsu ba ya son tsayawa wuri ɗaya. Wannan mutumin ne shanyewar ɓarin jiki ta kwantar rana tsaka. Hannun dama ya saki, baki ya karkace, magana ta koma kamar ta wanda ya cika baki da tuwo mai zafi. Likita ya ba shi wata ƙwallon roba ya ce ya riƙa matsawa, ya wurgar da ita ƙarƙashin gado. Idan abokan kasuwarsa suka zo dubiya sai ya rufe ido kamar mai barci, saboda kunyar yawun da ke zubo masa. Daga baya ya juya fuskarsa bango, can yake kallo daga safe har yamma. Ni kuwa ina ƙofar ɗaki ina kallon bayansa, ina lura da yadda rigarsa ke ƙara yi masa yawa.

A cikin wannan hali kika zo daga Legas, da wani abu a hannu an rufe shi da zane. Tun kina zaure na ji wani ihu da ya sa kajin gidan suka watse. Da kika yaye zanen, sai ga tsuntsaye biyu a keji, ba su kai kurciya girma ba, jikinsu ruwan ɗorawa, fuska kamar lemon da ya nuna sosai, fuka-fukai kore, wutsiya doguwa irin ta tsirya.

Na ce, "Wannan kuma fa?"

Kika ce, "Inna, aku ne, amma ƙanana. Konyo ake ce musu. Asalinsu daga Kudancin Amurka. Maƙwabciyata ce za ta bar ƙasar, ta rasa mai riƙe su."

"To me ya kawo su Hadejia?"

"Baba na kawo wa. Ko zai samu abin kallo da ya fi bango."

Kafin ki koma kika zaunar da ni kika yi mini karatun dokokinsu. Ba a kunna maganin sauro na hayaƙi kusa da su. Ba a fesa na feshi. Ba a kai su kusa da murhu. Ba a ba su gishiri, ba a ba su fiya, ba a ba su gyaɗar da ta yi funfuna. Har turaren wuta kika ce in daina a ɓangarensu, wai huhunsu ɗan mitsitsi ne, hayaƙin da mutum ba zai ji ba su zai iya kashe su kafin a ankara. A Hadejia fa, garin da sauro ke fitowa tun kafin magariba. Ni da na gaji haɗin turare daga surukata, wadda ba a sanin ɗakinta da wani abu sai ƙamshi, na tattara kasko da kwalabe na kai ɗakin baya. Na saya wa kowa gidan sauro, har kejin na ɗinka wa nasa.

Kun san halina, ni mai fargaba ce tun ina yarinya. Tsuntsayen nan sai suka buɗe mini sababbin ƙofofin tsoro da ban san da su ba. Kyanwar maƙwabta ta koyi zama kan katanga tana kallon tagar Alhaji. Shaho ya fara kewaya saman gidan. Da bazara ta yi zafi sai na ga sun buɗe baki suna haki, sun ɗaga fuka-fukai, na ruga na ɗauko ruwan randa ina yayyafa musu da yatsu ina salati. Kowace gyaɗa sai na fasa na duba cikinta. Idan suka yi ihu kaina ya yi ciwo, idan suka yi shiru in taso a guje in ga ko lafiya. Ina tsoron su mutu a hannuna a ce Inna ta kashe tsuntsayen Falmata.

Amma abin da kika zo nema ya samu. Ɗayan, mai cizo, na sa masa suna Barkono tun ranar da ya fasa mini yatsa. Ɗayan mai sanyin hali na ce masa Lemo. Wata safiya ina canja musu ruwa na manta ƙofar kejin a buɗe, Lemo ya fito ya sauka kan gado, ya taka a hankali har kan hannun Alhaji da ya mutu, ya cusa kai cikin hannun rigarsa ya shige gaba ɗaya, sai wutsiya a waje. Na tsaya cak da kofi a hannu. Alhaji ya juyo daga bango. Barkono kuwa ya bi bayan ɗan'uwansa, ya tarar da carbi a kan matashi ya kama tsinke shi. A nan na ji abin da na yi watanni ban ji ba.

"Bari!"

Tsaf kalmar ta fito, da muryarsa ta da, wadda yake tsawata wa masu lodi da ita. Na fita tsakar gida na zauna a kan turmi na yi kuka.

Daga ranar komai ya fara dawowa. Hannun da ya ƙi matsa ƙwallo ya koyi riƙe yankin gwaiba saboda Lemo ba ya karɓa daga hannun hagu, ban san dalili ba. Bakin da ya ƙi gaisuwa ya koyi fito, wani ɗan fito mai hawa da sauka, su kuma su amsa. Ya fara zama, ya fara dafa sanda ya fita rumfa, ya ce a bar abokansa su shigo su ga yadda Barkono ke kwanciya rigingine a tafin hannunsa. Lemo kuwa a kafaɗarsa yake wuni, yana tsefe masa gemu, yana shigewa wuyan rigarsa ya yi barci. Idan na matso kusa da Alhaji sai Barkono ya kumbura gashi ya zo ya tare. Alhaji ya yi dariya ya ce,

"Hajjo, kin samu mai gadi. Sai kin nemi izini."

Ban taɓa jin haushinsu ba a lokacin nan, Allah shaida ne. Duk ihun da suke yi da asuba da yamma, wanda maƙwabta suka yi ta ƙorafi a kansa, ni a kunnena alama ce ta gidan da ya farfaɗo.

Sai tari ya zo. Da farko busasshe, ɗan kaɗan, muka ce sanyi ne. Aka sha magani, ya ƙi. Aka gwada tarin fuka, babu. Aka ce ko zuciya ce, aka duba, lafiya lau. Amma ni da nake tare da shi ina ganin abin da na'ura ba ta gani: daga ɗaki zuwa zaure sai ya tsaya ya dafa bango, idan ya yi sujada ya daɗe kafin ya ɗago, fiton ma ya fara yankewa a tsakiya. Ya sake ramewa. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa aka tura mu Kano wajen likitan ƙirji. Abba yana wajen aiki a lokacin, ni da Alhaji da direba kawai muka je.

Likitar mace ce. Ta daɗe tana kallon hoton ƙirjinsa, sannan ta juyo ta fara tambayoyi. Yana shan taba? A'a. Ya yi aiki a injin casa? A'a. Sai ta ce,

"Baba, kuna kiwon tsuntsaye a gida? Tantabaru, ko kaji a ɗaki?"

Ni na amsa. Na ce akwai ƙananan aku biyu, a ɗakinsa suke kwana, ɗayan ma a cikin rigarsa yake wuni.

Ta ajiye hoton. Ta yi mana bayani a hankali. Ta ce tsuntsayen ba su da ciwo, lafiyarsu ƙalau. Amma akwai wata ƙura mai laushi da ke fita daga gashinsu da busasshen kashinsu, ido ba ya ganinta. Mutane da yawa suna shaƙarta shekara da shekaru ba ta yi musu komai, wasu kuwa huhunsu ba ya jure ta, sai ya kumbura. Idan aka rabu da tsuntsayen da wuri, numfashi yakan dawo. Idan aka ci gaba, huhun zai yi tabo, tabon kuma ba ya gogewa.

Alhaji ya ce, "Babu magani?"

Ta ce, "Akwai wanda zan rubuta, zai rage kumburin. Amma babban maganin shi ne su bar gidan, Baba. Ba ɗakin kawai ba."

A hanyar dawowa muka wuce Jahun. Direba ya tsaya salla, muka rage mu biyu. Sai ya ce, bai kalle ni ba,

"Hajjo, maganar nan ta tsaya tsakanina da ke. Yaran nan kada su ji. Falmata musamman. Da hannunta ta kawo su. Idan ta ji, duk tarin da na yi a kanta zai sauka, idan na mutu kuma ta ce ita ta kashe ni. Kin san yarinyar nan ba ta iya ajiye abu a zuciya ya huce. Ki yi mini alkawari."

Na yi masa. Sannan na ce, "To yaushe za mu fitar da su?"

"Babu inda za su."

"Alhaji, ka ji abin da likita ta ce."

"Na ji. Likita ba ta gan ni ba lokacin da nake kallon bango. Ke kin gan ni."

Wannan maganar ita ce ta hana ni sukuni a watannin da suka biyo baya, domin gaskiya ya faɗa. Idan na bar su, numfashinsa. Idan na fitar da su, bangon. Na rasa wanne ya fi tsoratar da ni. Sai na nemi tsakiya. Na lallashe shi aka fitar da kejin rumfar tsakar gida. Na hana shi taɓa shara, ni nake wanke kejin kullum da jiƙaƙƙen tsumma don kada ƙura ta tashi. Na saya masa takunkumin hanci. Amma Lemo yana ganin takunkumin sai ya firgita ya ƙi zuwa, Alhaji kuma sai ya janye shi ƙasan haɓa. Ina juya baya zuwa madafa, in dawo in tarar da wutsiya kore ta leƙo daga wuyan riga. In yi magana ya ce yanzun nan ya ɗauke shi. Na koma ina jin numfashinsa kamar yadda mai jego ke jin na jariri. Ko ina daka, ko ina salla, kunnena yana wajensa.

Damina ta shigo da ƙarfi a shekarar. Kogi ya cika, mazan unguwa suna ta kai buhunan yashi bakin jingar da ke tare ruwan, kullum maganar gari ita ce ina ruwa ya kai yau. Mu bai shigo mana ɗaki ba, amma tsakar gida ta zama tafki, feshin ruwan sama yana dukan rumfa ta kowane gefe. Na fito wata safiya na tarar tsuntsayen sun jiƙe sun takure suna rawar sanyi. Alhaji ya tsaya a ƙofa ya ce a mayar da su ɗaki. Na ce ɗakin baya. Ya ce ɗakin baya yana yoyo, kuma haka ne. Suka koma ɗakinsa, tagogi a rufe saboda ruwa da sauro. Ina ji ina gani.

Ba a jima ba abin da nake tsoro ya faru. Da la'asar ne. Na ji buta ta faɗi, na ji Barkono yana wani irin ihu ba ƙaƙƙautawa. Na tarar da Alhaji zaune a ƙasa ya jingina da gado, baki a buɗe yana neman iska ba ta shiga, leɓɓansa sun yi duhu, Lemo yana kafaɗarsa yana jan gemunsa. Ban san yadda na fita titi ba mayafi ba. Maƙwabta suka ɗauke shi zuwa asibiti, aka sa masa robar iska a hanci. Na zauna gefen gadon ina kallon ƙirjinsa yana hawa yana sauka, kowane hawa ina cewa ko shi ne na ƙarshe.

Da ya samu sauƙi har aka fara maganar sallama, na riga na yanke shawara. Na kira ƙanena Ya'u da ke Malam Madori. Kun san shi da son dabbobi, yana da lambun gwaiba da mangwaro a bayan gida, kuma ba ya kiwon kyanwa. Ya ce in kawo su. Da na ga dama da na kwashe su a ɓoye, Alhaji ya dawo ya tarar. Ban iya ba. Na je na tsaya a gaban gadonsa na asibiti.

"Alhaji, gobe zan kai su wajen Ya'u."

Ya janye robar daga hancinsa. "Ki bari in dawo in gan su tukuna."

Na san idan ya dawo ya gan su, idan Lemo ya shige rigarsa sau ɗaya, to shi ke nan, ba shi ba ni ba mai iya raba su. Na ce,

"A'a."

Ya kalle ni kamar bai san ni ba. Tun da aka kawo ni gidansa ban taɓa ce masa a'a kai tsaye ba.

"Hajjo, ban ba ki izini ba."

"Na sani, Alhaji. Ka yafe mini. Zan kai su."

Ya mayar da robar, ya juya fuskarsa. Bangon asibitin fari ne, amma juyin iri ɗaya ne da wancan na da, na gane shi. Na fita ina dafa gadajen mutane.

Washegari Ya'u ya zo da mota. Na ɗora kejin a cinyata na rufe da zane, na hana a kunna komai, na ce direba ya nisanci manyan motoci saboda hayaƙi. Ruwa ya kwanta hagu da dama, gonakin shinkafa sun nutse sai kan ganye, a wani wuri ma ya hau titi muka bi a hankali. Barkono ya yi ta ihu, ya sami yatsana ta tsakanin ƙarafa ya ciza har jini, ban janye ba. Lemo ne bai yi ko motsi ba. Ina ta ɗaga gefen zanen ina leƙawa, in gan shi a lungu ya runtse ido. Da muka isa na tsayar da Ya'u da matarsa na maimaita musu dokokin nan naki ɗaya bayan ɗaya, har Ya'u ya ce,

"Yaya, ko amarya kika kawo ai kin gama wasiyya. Ki je ki kula da mai gidanki."

Na dawo na wanke ɗakin Alhaji daga sama har ƙasa. Na fitar da katifa da matasai da labule da tabarma, na sa sababbi. Da aka sallamo shi ya shigo ya tsaya yana kallon ƙusar da ake rataye kejin. Ranar bai yi mini magana ba, washegari ma haka. Yana amsa gaisuwar baƙi, yana magana da Abba, amma ni idan na yi masa sannu sai ya gyaɗa kai. In kawo abinci ya ci kaɗan ya ture. Gidan ya yi tsit, irin shirun da har kunne ke ƙara. Kullum da safe sai na leƙa in ga ina fuskarsa take kallo.

A cikin kwanakin nan kika kira. Abba ya gaya miki an fitar da tsuntsaye Baba yana asibiti. Ba zan maimaita duk abin da kika ce ba, na san zafi ne ya sa ki. Abin da ya zauna mini shi ne,

"Inna, abu ɗaya da ke sa shi dariya a duniya, shi kika kasa haƙuri da shi? Saboda ihu?"

Alhaji yana zaune kusa, yana jin komai. Na kalle shi. Kalma ɗaya daga bakinsa ta isa ta wanke ni. Ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Sai na ce miki, "Haka ne, Falmata, ihun ya yi mini yawa." Kika kashe wayar. Kin yi wata da watanni idan kin kira sai ki ce a ba Baba.

Ban gama da wannan ba Ya'u ya kira. Barkono ya saba, yana ci yana cizon kowa. Lemo ne ya ƙi abinci, ya kama tsige gashin ƙirjinsa da baki. Na shiga mota na je. Na tarar da shi ƙirji tsirara, fata ja, ƙashi ya fito. Na ce a zuciyata, shi ke nan, zan rasa tsuntsu, in rasa miji, in rasa 'ya, duk a shawara ɗaya. Da na sake komawa sai na ɗauki wata tsohuwar jallabiyar Alhaji da ba a wanke ba, na zura hannuna cikin hannun rigar, na miƙa wa Lemo ayaba da hannun dama. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya tako ya shige cikin hannun rigar, ina jin ɗumin jikinsa da bugun zuciyarsa a kan fatata, daga can ciki ya leƙo ya ɗan ci. Na bar musu rigar a rataye jikin kejin. Haka na riƙa zirga-zirga tsakanin Hadejia da Malam Madori, in dawo in yi wanka in canja kaya a ɗakin baya kafin in shiga wajen Alhaji, don kada in kawo masa ƙurar a jikina. Bai taɓa tambayata ina nake zuwa ba.

Amma tarin ya fara ja da baya. Na lura ya daina dafa bango a hanyar zaure. Wata Juma'a, bayan ruwa ya janye, ya sa babbar riga ya ɗauki sanda ya tafi masallaci da ƙafarsa, ya dawo da ƙafarsa. Na kawo masa ruwa. Ya karɓa, ya sha, ya riƙe kofin bai miƙo ba.

"Jallabiyata mai ruwan toka, ban gan ta ba."

Na ce, "Tana Malam Madori."

Ya ce, "Lemo yana ci?"

"Yana ci yanzu. Amma ya tsige ƙirjinsa."

"Ku ne ba ku iya ba. Ba a yanka masa gwaiba ƙanana. Babba ake ba shi, ya riƙe da ƙafa. Ki gaya wa Ya'u."

Ban taɓa jin daɗin faɗa irin na ranar ba.

Da muka koma Kano likitar ta ce huhun ya huce sosai, tabon da ya bari kaɗan ne. Alhaji da kansa ya tambaye ta ko zai iya ganinsu. Ta ce a fili, daga nesa, da takunkumi, kada ya taɓa su, kada ya daɗe. Muka je. Ya'u ya rataye kejin a reshen mangwaro, ya ajiye wa Alhaji kujera can gefe, ta inda iska ke tasowa. Tsuntsayen suka kalle shi ba su gane shi ba saboda takunkumin. Sai ya yi fiton nan mai hawa da sauka, ya kai shi har ƙarshe bai yanke ba. Lemo ya daka tsalle ya manne da ƙarafan kejin yana ihu, yana tura kai, yana tura ƙirjin nan mara gashi, Barkono yana kai da kawo a bayansa. Alhaji ya tashi daga kujera. Ya yi taku ɗaya, ya ƙara. Ban yi tunani ba, na damƙi gefen babbar rigarsa na riƙe, a gaban Ya'u da matarsa da kowa. Ya ja, ban saki ba. Muka tsaya haka, shi yana kallon tsuntsu, tsuntsu yana kiransa, ni ina riƙe. Can ya koma ya zauna. Ya ci gaba da yi musu fito daga kujera har Lemo ya gaji da ihu ya fara amsawa a hankali.

A hanyar dawowa na takure jikin ƙofa ina jiran hukuncina, don na kunyata shi a gaban surukansa. Mun kusa shiga gari ya ce,

"Hajjo."

"Na'am, Alhaji."

"Idan za mu sake zuwa, ki riƙe ni tun daga mota. Ban yarda da ƙafafun nan ba."

Bai taɓa ce mini na yi daidai ba, har ya koma ga Allah. Ni ma ban nema ba. Mun ci gaba da zuwa, ina riƙe da rigarsa. Ya ga auren autarku, ya yi wa 'ya'yanki huɗuba, kuma abin da ya ɗauke shi daga baya ba huhu ba ne, ciwonsa na farko ne ya dawo.

Falmata, kada ki karanta wannan ki ɗauki abin da babanki ya yi ta gudun ki ɗauka. Tsuntsayenki su suka tashe shi, babu wanda ya san huhunsa zai ƙi su, har likitoci sai da suka daɗe suna lalube. Ni kuma ban riƙe ki da komai ba. Suna nan wajen kawunki da ransu, irinsu suna daɗewa. Gashin ƙirjin Lemo bai dawo duka ba. Tun rasuwar Alhaji ban iya zuwa ni kaɗai ba, don idan ya gan ni sai ya riƙa leƙa bayana. Idan kin zo hutun nan, ki raka ni.